Ɗakin gilashi ko barandar raga: abin da hoton gidajen bakin teku ba ya gaya wa mai gini a Katsina

Yanzu da yawa daga cikin masu gini a Katsina da Daura ba da zane suke zuwa wurin magini ba, da waya suke zuwa. Mutum ya buɗe hoton da ya gani a Instagram ko TikTok, ya miƙa wa mai aikin alminiyam, ya ce irin wannan yake so a bayan falonsa. Galibi hoton wani gida ne a gaɓar tekun Amurka, musamman jihar Fulorida: wani ɗaki da aka jingina a jikin gida, haske ko'ina, kujeru da tukwanen fulawa, can nesa ga ruwa shuɗi. Shi kuwa mai alminiyam ba zai kori ciniki ba. Zai ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba wani abu ba ne," ya ɗauko tef ya fara awo.

Matsalar ita ce, waɗannan hotuna ba abu ɗaya suke nunawa ba. Iri biyu ne, a waya sun yi kama, amma aikinsu kishiyar juna ne. Na farko ɗaki ne da bangonsa gilashi ne, wani lokaci har rufinsa, an yi shi don ya kama zafin rana ya riƙe. Na biyu baranda ce mai rufi ko fili da aka kewaye da raga a kan firam ɗin alminiyam, an yi ta don iska ta ratsa, sauro ya tsaya a waje. Ɗaya daga cikinsu zai yi mana amfani ƙwarai idan an gyara shi daidai da ƙasarmu. Ɗayan kuwa, in aka kwafe shi yadda yake, kuɗi ne za a zuba a gina wurin da ba mai iya zama cikinsa daga Maris zuwa Yuni.

Ɗakin gilashi ɗan ƙasar sanyi ne. Tun ƙarni na 17 masu hali a Faransa da Ingila suke gina ɗakuna masu manyan tagogi don su raya bishiyar lemu, wadda sanyin ƙasarsu yake kashewa. Da gwamnatin Ingila ta soke harajin gilashi a 1845, farashinsa ya sauko, abin ya fita daga gidajen sarauta ya shiga na masu matsakaicin ƙarfi. Dalilinsu a fili yake. A Landan, tsakar ranar watan Disamba, rana ba ta ɗagowa sama da kusan digiri 15 daga ƙasa. Duk ɗan hasken da aka samu dukiya ne, gilashi kuma shi ne tarkonsa: haske ya shiga, ya dumama daɓe da kujeru, zafin ya kasa fita saboda ba iskar da za ta kwashe shi. Duk wanda ya taɓa barin motarsa a rana a bakin Babbar Kasuwa da gilasai a rufe, ya dawo ya kasa taɓa sitiyari, ya riga ya san yadda abin yake aiki.

To bari mu yi lissafin Katsina, wadda take kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. A tsakar rana idan gari ya yi garau, kowace murabba'in mita tana karɓar zafin da ya kai wat 1,000. Gilashin da aka saba sayarwa, fari mai falle ɗaya, yana barin kimanin kashi 80 cikin ɗari ya wuce. Ɗaki mai mita 3 a mita 4 da rufin gilashi yana da murabba'in mita 12 da ke kallon sama, ke nan wat 9,600 na zafi suna zubowa ciki, ba a ma lissafa na bango ba. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin wadda ake sa wa ɗakin kwana, abin da take iya kwashewa bai wuce wat 3,500 ba. Sai an haɗa kusan uku suna aiki tare kafin a biya bashin rufin kaɗai, a watan Afrilu da zafin inuwa ma yake haura digiri 40, kuma a garin da kowa ya san yadda wuta take zuwa da yadda man janareto yake cin aljihu.

Za a ce ai akwai gilashi na musamman. Gaskiya ne akwai. Akwai mai falle biyu da iska ko gas a tsakani, akwai wanda aka shafa wa wani siririn sinadari da ke mayar da zafi, kuma nagari daga cikinsu yana rage abin da ke shiga zuwa ƙasa da rabi. Amma tsadarsa ta ninka ta wanda aka saba, ba a yanka shi a shago yadda ake yanka na taga, kuma idan yaro ya fasa falle ɗaya da ƙwallo sai an yi odar wani daidai awonsa. Abin da ya fi faruwa shi ne a sa gilashi mai duhu ko a manna leda mai duhu, a ɗauka an yi maganin abin. Gilashi mai duhu yana shanye zafin ne a jikinsa, sannan ya saki wani kaso zuwa cikin ɗaki. Ido zai huta, jiki ba zai huta sosai ba.

Ga kuma abin da lissafi ba ya nunawa. Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan sirri. Da rana gilashi mai ɗaukar ido yana ɓoye na ciki, amma da zarar magariba ta yi aka kunna fitila sai abin ya juye, na waje yana ganin komai, na ciki ba ya ganin kowa. A unguwannin da benaye suka fara yawa, maƙwabci yana iya hango iyali daga sama. Daga nan sai a rataya labule mai kauri, daga labule sai ƙarfen taga saboda ɓarayi, a ƙarshe a samu ɗaki mai duhu da zafi wanda ya fi na bulo tsada.

Ba zan hana ɗakin gilashi haƙƙinsa ba. Da safiyar Disamba da Janairu, lokacin da tsofaffi suke neman hantsi suna guje wa iskar hunturu, wuri mai gilashi da ke kallon kudu yana da daɗi. Wata biyu ke nan a shekara, kuma akwai hanya mafi sauƙi ta samun wannan daɗin, zan zo kanta.

Barandar raga labarinta daban ne. Fulorida ƙasa ce ta fadama da gumi da sauro, har da wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke fitowa a bakin ruwa da yamma. Mutanen can suna son zama a waje, ƙwari ba sa barinsu, shi ya sa suke kewaye baranda, kai har da wurin ninƙaya gaba ɗaya, da raga. Sai dai kuɗin da suke kashewa a kai, yawancinsa ba na sauro ba ne, na abubuwa biyu ne da teku yake jawowa: gishiri da guguwa.

Idan igiyar ruwa ta daki gaɓa, tana watsa ƙananan ɗigo masu gishiri a iska. Abin ya fi muni a 'yan ɗaruruwan mitoci na farko daga bakin ruwa, amma yana kaiwa kilomitoci cikin gari. Gishirin yana kwanciya a kan ƙarfe, ya jawo danshi, tsatsa ta kama. Shi ya sa ake yin firam da alminiyam mai fenti da aka gasa a jikinsa. Amma inda abin yake lalacewa ba a jikin firam ba ne, a wurin noti ne. Notin ƙarfe na yau da kullum yana ruɓewa har kansa ya cire. Ƙarfen da ba ya tsatsa ma iri-iri ne: mai lamba 304 yana yin tabo a bakin teku, sai mai lamba 316, wanda aka haɗa da wani ma'adani da ke jure gishiri. Shi ɗin ma idan ya taɓa alminiyam kai tsaye, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sai wata 'yar wutar lantarki ta tashi tsakanin ƙarafan biyu, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa a kewayen ramin, dole a raba su da roba ko wani man shafawa. Kana ganin gini tsaf a ido, alhali mahaɗansa duk sun saki.

Sai iska ta zo ta tona asiri. Ƙarfin da iska take dukan bango ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: idan gudun ya ninka biyu, dukan ya ninka huɗu. A watan Agustan 1992 guguwar Andrew ta afka wa kudancin Fulorida ta rushe dubban gidaje, abin da ya sa jihar ta yi dokar gini ta bai ɗaya wadda ta fara aiki a 2002, da sharuɗɗa mafi tsanani a yankunan Miami-Dade da Broward. A can, gilashin ƙofa da taga sai an gwada shi da harbin katako kafin a yarda a sa shi, ko kuma a yi masa marufi. Su kuwa ɗakunan raga, su ne suke fara tafiya, kamar yadda aka gani bayan guguwar Ian a Satumban 2022. Wasu masu gida da kansu suke yanke raga idan an yi shelar guguwa, don iska ta wuce ta bar musu firam, kuma kamfanonin inshora da yawa ba sa biyan asararsa sai an yi masa yarjejeniya ta daban. Wani abin sha'awa a nan: yawancin manyan guguwowin tekun Atilantika daga hadarin da ke ratsa yankinmu na Sahel daga gabas zuwa yamma suke samo asali, ya fita teku ta wajen Senegal ya yi ƙarfi a hanya. Ita kanta Andrew haka ta faro.

Katsina tana da nisan sama da kilomita 700 daga teku. Gishiri ba ya cikin lissafinmu, don haka wanda ya ce sai an saya maka noti mai lamba 316 a Ƙofar Ƙaura yana sayar maka da maganin ciwon da ba ka da shi. Amma sauro namu ya fi nasu haɗari nesa ba kusa ba. Nasu galibi damuwa ce, namu zazzaɓi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma duk damina ana bi gida-gida a jiharmu ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi. Gidan sauro yana kare mutum ne bayan ya kwanta. Amma tsakanin magariba da lokacin barci, sa'ad da ake cin tuwo, ake hira, yara suke bitar karatu a tsakar gida, ba abin da ke tsakanin fata da sauro. A bazara kuma zafi yana kora kowa waje ya kwana, kuma idan ruwa ya fara sauka zafin bai tafi ba, sauro ya riga ya iso. Wannan giɓin ne barandar raga take toshewa.

Ba zato ba ne. Tun wajen 1900 wani likitan Italiya, Angelo Celli, ya sa raga a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa a yankunan da zazzaɓi ya addaba, aka ga bambanci a fili tsakaninsu da waɗanda ba a sa wa ba. A kusa da mu kuma, wani gwaji da aka yi a kewayen garin Farafenni na ƙasar Gambiya, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa sa raga a gida ya rage sauron da ke shiga da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini a jikin yara da kusan haka. Gambiya ƙasa ce mai damina da rani irin namu, sauron ma dangi ɗaya ne.

Sai dai raga tana da nata haraji, kuma shi ne iska. Kowace raga tana rage iskar da ke ratsawa, kuma gwargwadon ƙanƙantar idonta gwargwadon ragin. A Fulorida wadda aka saba sa wa baranda tana da zare 18 a tsaye da 14 a kwance cikin kowane inci, masu guje wa mitsi-mitsin ƙwarin bakin ruwa kuma suna sa mai 20 da 20. Mu ba ma buƙatar ta biyun. Sauro ba ya ratsa ta farkon, ita kuwa mai ƙaramin ido za ta toshe iska a bazara, ta kuma cika da ƙura tun hunturu bai yi nisa ba. Wannan ƙurar, wadda iskar arewa maso gabas take kwasowa tun daga ƙasar Chadi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ita ce gishirinmu. Ba ta cin ƙarfe, amma tana like idon raga, tana cika layin da tagar alminiyam take gudu a kai har ta ƙi motsi. Raga ba ta hana ƙura shiga, kada wani ya yi maka wannan alkawari. Wanki da ruwa da buroshi mai laushi ne maganinta, shi ya sa ya fi kyau a yi ta falle-falle a kan ƙananan firam da za a iya cirewa a wanke a mayar, maimakon shimfiɗa guda da aka buga da ƙusa.

Irin ragar ma abin dubawa ne. Ta roba mai arha rana tana gasa ta, ta yi fari, ta fara yagewa da taɓawar yatsa. Ta zaren gilashi da aka lulluɓe da roba ta fi daɗewa kuma ba ta tsatsa, amma ɓera yana cinta, garwashi yana huda ta. Ta waya ta fi ƙarfi, tsadarta ma haka. Araha ba ta ado, kuma rami ɗaya da ɗan yatsa zai shiga ya isa ya ɓata aikin duka. Saboda awaki da kaji da yara masu jingina, a fara da bulo jeri uku ko huɗu daga ƙasa, raga ta tashi daga nan.

Abin da ya fi komai tasiri kuwa ba ya cin ko sisi, wato ɓangaren da barandar za ta kalla. Yamma ita ce mafi muni, domin ranar la'asar tana shigowa a kwance ta ƙarƙashin kowane rufi, daidai lokacin da gari ya fi zafi. Gabas tana da ranar safe mai sauƙi, amma daga can hadarinmu yake tasowa da iska da feshi, magina na da sun san haka, shi ya sa bangon gabas ya fi shan yaɓe. Arewa tana fuskantar ƙurar hunturu kai tsaye, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ta arewa da mu, ba kamar a Turai ba inda bangon arewa ba ya ganin ranar tsaka ko kaɗan. Saura kudu. A bazara rana tana kusan tsakar ka, rufi mai ɗan tsawon baki ya isa ya yi inuwa. A damina iskar da ke kawo sanyi daga kudu maso yamma take busowa, ta shigo kai tsaye. A hunturu jikin gidan ya tare ƙura, rana kuma ta sauko zuwa kusan digiri 54 a kudu, ta leƙo ƙarƙashin rufin ta dumama daɓe. Ga hantsin tsofaffi an samu ba tare da falle ɗaya na gilashi ba. In iska ta yi yawa, asabari ko tamfol da ake naɗewa ya wadatar. Ba kowane fili ne zai ba da kudu ba, musamman a cikin gari inda gidaje suke manne da juna, amma mai sabon fuloti ba shi da uzuri. In dole sai yamma, a dasa darbejiya tun kafin a zuba harsashi.

Rufi kuma ya zama na gaske, ba gilashi ba, ba kuma robar nan mai haske ba. Kwano tsirara yana zubo zafi a ka, don haka a ɗaga shi sama, a yi masa silin. A nan ne darasin Fulorida yake da amfani kai tsaye. Ba mu da guguwar teku, amma duk farkon damina muna ganin kwanukan makarantu da gidaje a kan titi. Iska ba ture rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, kuma baranda mai buɗaɗɗen gefe ta fi saurin ɗaguwa domin iska tana shiga ƙarƙashinta. Dole katako ko ƙarfen rufin ya ɗauru da ginshiƙi da rodi ko ɗamarar ƙarfe, ginshiƙin kuma ya kafu a cikin kankare, ba a ɗora shi a kan intalok ba. Inda sabon rufi ya haɗu da tsohon bango, nan ne yoyo yake farawa. A tsaga bangon a cusa bakin kwano a ciki a toshe, shafa siminti a kai kawai ba ya wuce damina ɗaya ko biyu. A kuma duba saman: sauron zazzaɓi ya fi shiga ta tazarar da ke tsakanin bango da rufi, ba ta ƙofa kaɗai ba. Ƙofar ta riƙa buɗewa waje, da sifirin da zai mayar da ita, don gidan da ke da yara ba a rufe ƙofa.

In aka duba da kyau, wannan duk rumfa ce, irin wadda take tsakar gidan kakanninmu, aka ƙara mata raga da rufi mai ƙarfi. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a kai ta gaban gida don baƙi su gani. Baƙo yana da zaure ko falo. Waɗanda suke shan cizo da yamma mata ne da yara, a cikin gida, kusa da madafa. Can ya kamata ta kasance, da faɗin da za a shimfiɗa tabarmi a kwana, amma murhu ya tsaya a wajenta, saboda hayaƙi yana like raga da baƙin maiƙo, tartsatsi kuma yana huda ta.

Akwai 'yan kasuwarmu da ma'aikata da suka mallaki gidaje a Legas, wajen Lekki da Ajah. Su lissafinsu ya koma na bakin teku: gishiri yana nan, ruwan sama ya ninka namu fiye da biyu, danshi ba ya barin katako da ƙarfe su huta, ƙasar kuma yashi ce da fadama da aka cike, sabon gini yana iya nutsewa daban da tsoho ya tsage a mahaɗa. A can notin 316 ba almubazzaranci ba ne, haka ma wanke firam da ruwan famfo lokaci-lokaci. Ɗaukar magini daga gida saboda amana abu ne mai kyau, amma a tabbata ya taɓa aiki a bakin ruwa. Kuma ko a Legas ko a Katsina, ƙari a jikin gida gini ne a idon hukuma. Hukumar kula da gine-gine ta Legas tana rufe wurin da aka ƙara ba izini, a nan ma hukumar tsara birane ta jiha tana da ta cewa, musamman idan barandar ta cinye tazarar da aka ce a bari tsakanin gini da katanga ko ta hau kan magudanar ruwa.